Kalma Ɗaya da Gayyar Azumi

Bana ruwa ya ja mana rai. Ya sauka da ƙarfinsa a farkon damina, kowa ya kwashi iri ya yi gona, sannan ya ɗauke ƙafa. Masarar da ke bayan gidana a nan Karaye tun da hantsi take naɗe ganye. Da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, sai iska ta zo ta watsa shi. Ina zaune a zaure ina kallon wannan abin takaici sai jikata Fa'iza ta shigo da waya a hannu, fuska a murtuke. Jarrabawar fita sakandare take shiri, kuma wai wata 'yar kalmar Turanci ce ta hana ta sakat, kalmar "get". Ta duba a waya an jero mata ma'anoni har ta gaji da karantawa, kowace jimla da irin fuskar da kalmar take nunawa.

Na yi dariya har ta ji haushi. Na ce ta ajiye wayar ta zauna, ta zo inda ya dace. Ni da wannan kalma mun yi damina guda tare, da azumi a bakina da fartanya a hannuna, kuma ba na jin akwai mai ƙure ni a kanta daga nan har Rogo.

Shekara arba'in da wani abu ke nan. Ina matashin malamin firamare a ƙauyenmu da ke kusa da Fulatan, zamanin da Rogo take ƙarƙashin Karaye. Na gama kwalejin horon malamai, na ci kowace takarda ban da Turanci. Na sake zama, na sake faɗuwa. Da ana ƙyale irinmu mu ci gaba da koyarwa, amma a wannan shekara, ana gab da ba da hutu, hedimasta ya tara mu ya ce saƙo ya zo daga sama: duk wanda bai gyara takardarsa a zaman bana ba, za a sallame shi. A Kano za a yi jarrabawar, kuma ta faɗo cikin goman ƙarshe na azumi. Azumin shekarar kuwa a tsakiyar damina ya zo.

Albashin nan shi ne rumbunmu na biyu, don na farkon ya riga ya gaza. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, kuma a ƙarshenta Baba ya rasu. Gidan ya rage daga Inna, sai matata Hajara da jariri a goye, sai ƙannena mata biyu, sai ni kaɗai namiji mai riƙe fartanya. Tun kafin ruwan farko sai na dira cikin rumbu har ƙasa kafin in samo abin da za a daka.

Inna mace ce mai tsare mutuncin gida har abin ya yi yawa. Tun da ta fita takaba ba ta ƙara leƙa ƙofar zaure ba. Ta hana ƙannena zama a maƙwabta in lokacin cin abinci ya yi, kada a ce yunwa ce ta kai su. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana, sai dai ta ce "Malamin boko", kuma daga yadda ta ja sunan nake gane ko yabo ne ko faɗa.

Mun yi shuka da ruwan farko, dawa da gero, tsiro ya fito gwanin sha'awa. Ana ganin watan azumi ruwa ya ɗauke. Duk wanda bai yi azumi a farin tsakiyar damina ba bai san ƙishirwa ba. Zafin bazara busasshe ne, kana iya fakewa a inuwa ka sha iska. Wannan kuwa zafi ne mai danshi, iska a tsaye, riga ta manne a baya, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, ga hadari kullum yana yi maka alkawarin ƙarya. Da sahur kunun kanwa ne tsararo, sai ɗan abin da ya kwana in ya kwana. Da an yi sallar asuba in saɓa fartanya. Kafin azahar miyau ya kafe, harshe ya yi kauri, in jiƙa rigata a kududdufin da ya rage in kwanta a gindin ɗorawa. Da la'asar ƙannena su zo bakin gona su tsinki tafasa, Hajara ta dafa ta matse, a kwaɗanta da ɗan ƙuli-ƙuli. Shi ne buɗa-baki, da kunun tsamiya. Ran da Fulanin da ke maƙwabtaka da mu suka aiko da nono, duk da shanunsu sun rame, ranar gidan har hira ake yi.

Karatu kuwa sai dai a yi shiru. Ina da wani ƙaton littafin nahawun Turanci, da shi nake tafiya gona. In na kwanta a gindin ɗorawa in buɗe shi, layi biyu sai barci. A haka Malam Lawan ya same ni wata rana, littafi a kan fuska.

Malam Lawan shi ke koyar da Turanci a manyan azuzuwan makarantarmu. Dogo ne siriri, bakinsa ba ya hutawa da tsokana. Mutumin garin Turawa ne ta ƙasar Karaye, har mutanenmu suna zolayarsa wai dole ya iya Turanci tunda sunan garinsu ke nan. Bai koma gida hutu ba, ya ce yayyensa suna riƙe da gona, in ya je ƙarin hannu ne kawai a akushi. Ya ɗaga littafin daga fuskata, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce lallai wannan ya yi kyau da matashin kai. Sannan ya gaya mini ciwona ba tare da ya shafa masa mai ba. Wai ina ɗebo manyan kalmomi daga littafi in jera su a takarda alhali ban san halinsu ba, su kuma su yi ta tunkuyin juna har mai dubawa ya rasa inda na dosa. Ya ce in samo masa fartanya, gobe zai zo, kuma kalma ɗaya tak za mu yi.

Na ce kalma ɗaya, ga jarrabawa a gaba? Ya tsuguna ya dube ni.

"Malam Garba, kai Bahaushe ne. Ka ci tuwo, ka ci kasuwa, ka ci gaba, ka ci zarafi, ka ci gado. Wa ya taɓa zaunar da kai ya koya maka? Abin da ya biyo bayan kalmar shi yake gaya maka inda ta nufa. To Bature ma yana da tasa. In ka riƙe ta da kyau, za ka faɗi rabin abin da ke bakinka."

Washegari ya zo, muka kama noman farko tare. Ya tsara abin da kunya-kunya. Shi yana kan tasa, ni ina kan ta kusa da shi, ya jefo mini magana da Hausa in mayar masa da Turanci, kuma dole "get" ta fito a ciki. In na yi kuskure, in karɓi kunyarsa in ƙarasa masa, shi ya tsaya ya dogara da ƙotar fartanya yana yi mini dariya. Kwanakin farko kusan duk gonar ni na noma.

Ya fara da mai sauƙi. In sunan abu ya biyo ta, samu take nufi: "We get milk from the Fulani." Muka yi ta samun nono da ruwa da iri har ƙarshen gona, abubuwan da a zahiri ba mu samu sosai. Da wannan ta zauna sai ya juya. In yanayi ne ya biyo ta, to ta koma zama: "I get tired", "The soil gets dry." Wannan ban sha wuya a kanta ba, don gajiyar tana jikina, bushewar tana ƙarƙashin ƙafata. In wuri ne a gabanta, isa take nufi: "We get home before sunset." Sai kuma 'yan ƙananan da ake liƙa mata a gindi su sauya mata hanya gaba ɗaya. Da "up" ta zama tashi, da "back" ta zama dawowa, da "out" ta zama fita ko fitarwa. Wadda ta fi ba ni wuya ita ce ta sa wani aiki. In mutum za ka sa, sai ka ce "I get my sister to bring water", da 'yar "to" ɗin nan a tsakiya. In kuwa abin ne kake so a yi, ba ruwanka da mai yi, sai ka ce "I get my hoe mended." Kunyoyin da na biya Malam Lawan a kan waɗannan biyun, Allah kaɗai ya san yawansu.

Azumi ma ya taya shi koyarwa. Mai busasshen maƙogwaro ba ya jan magana. Duk jimlar da ta wuce numfashi ɗaya sai na ji ta a ƙirji, saboda haka na koyi faɗin abu a gajarce in wuce. Ƙannena masu tsinkar tafasa suka kwashe labari suka kai gida, suna kwaikwayonmu a tsakar gida, har suka raɗa masa Malam Get. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa jin karatun da ake yi da kukan kwaɗi ba, get-get kullum, amma daga ranar ta sa a riƙa zuba masa kunu a kai masa masauki.

Yanzu in na ga samari sun goya tankin feshi sun kashe ciyawar gona guda kafin azahar, sai in tuna yadda muke binta saiwa-saiwa. Ban ce namu ya fi ba, bayana har yau yana ba ni labarin wancan zamani. Sai dai a tafiyar feshi babu sararin da mutum zai koyi wani abu daga na kusa da shi.

Ana shiga goman ƙarshe ruwa ya dawo, kuma da fushi ya dawo. Aka kwana ana yi, aka wuni ana yi. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, kwaɗi suka ɓarke, mutane suna fitowa daga masallaci suna tsayawa a cikin ruwan da gangan. Murna ba ta daɗe mini ba. Dawar da fari ya galabaitar tana ɗagowa a hankali, ciyawa kuwa kamar ana jan ta da igiya. Harkiya da aya-aya suka rufe kwarin kunya. Duk manomi ya san in ba a yi maimai, wato noma na biyu, a wannan gaɓar ba, ciyawa ta shanye amfanin, sai dai a yanki kara a kaka. Ga shi tafiyata Kano da zaman jarrabawa da dawowa za su cinye mako guda. Malam Lawan ya ce zai riƙe mini, amma tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa, kuma gonar Baba ba ta mutum ɗaya ba ce. Abin ɗaukar 'yan ƙwadago kuwa babu shi.

Saura gayya. A garinmu in aiki ya fi ƙarfin mutum, sai ya je wurin Sarkin Noma, shi ya tara majiya ƙarfi a sa rana, a zo da makaɗi a far wa gonar. Mai gona kuma ya ciyar da su, tuwo da fura har kowa ya ture, ga goro. Ba a kiran gayya da tukunya a kife, abin kunya ne da za a daɗe ana faɗi. Kuma ba a kiran ta da azumi sam, don ba a ɗora wa mai azumi aikin wani. Ta kowace fuska ƙofar a rufe take.

Na auna abin na yanke shawara, kuma har yau ina ganin lissafina ba na wawa ba ne. Jarrabawar nan sau biyu tana kayar da ni. Gona kuwa in na tsaya a kanta na san za a ci tuwo. Bayan an sha ruwa na sami Inna a ƙofar ɗakinta na gaya mata na fasa tafiya. Tana jan carbi ta amsa mini.

"Malamin boko, gonar nan tun ba a haife ka ba ake noma ta. Takardar nan kuwa kai kaɗai za ka iya zama ka rubuta. Gobe ka hau mota."

"Inna, ciyawar fa?"

"Na ji labarinta. Ka tafi, na ce."

Na tafi, amma da fushi na tafi. A bayan akori-kura ina kallon gonakin mutane suna wucewa, kowa a duƙe a tasa, na ji na tsani Turanci da wanda ya kawo shi. A Kano na sauka a zauren wani ɗan'uwan Baba. Kullum sai an yi ruwa, kuma duk ɗigon da ya sauka a kan kwano ni ciyawa nake gani.

Ranar takardar Turanci na buɗe tambayoyi na bi su daga sama har ƙasa. Babu inda aka tambayi "get", ko sau ɗaya. Na ce a raina Malam Lawan ya gama da ni. Da na zo kan insha'i sai na ga an ce mutum ya bayyana wani aiki da ake yi a garinsu. Na ɗauki alƙalami na fara da tashin asuba, sai na ji jimlolin suna zuwa da kansu, gajeru, ɗaya na bin ɗaya, yadda muke yi a kan kunya. Na tashi, na isa gona, na gaji, na sa an gyara fartanya, ƙasa ta jiƙe, na dawo gida. Ban nemo babbar kalma ko ɗaya ba. Da na koma kan sauran tambayoyin ma sai na tarar idona ya saba duba abin da ke gaba da bayan kalma kafin in yanke mata hukunci. Karo na farko ke nan da na gama har na sake karanta abin da na rubuta.

Da mota ta sauke ni a bakin hanya ban nufi gida ba, gona na yi da jakata a kafaɗa, don in ga iyakar ɓarnar da idona. Na tarar da ita fes. An yi maimai daga wannan iyaka zuwa waccan, an tayar da kunya, ciyawa a kife tana ruɓewa, dawa ta yi kore shar tana kaɗawa. Sawun ƙafafu ko'ina, manya-manya, ba na mutum biyu ko uku ba. Na tsuguna a bakin gonar ina kallo.

Hajara ce ta ba ni labari. Ranar da na tafi, Inna ta yafa mayafi ta fita, ita da ko zaure ba ta leƙawa. Ta ratsa gari da rana tsaka har ƙofar gidan Sarkin Noma, ta yi sallama ta tsaya, ga mutane zaune a dakali. Mace ba ta kiran gayya, balle da azumi, kuma ya gaya mata hakan cikin ladabi. Hajara ta ce yadda matan gidan suka kawo maganar, ga abin da Inna ta mayar masa:

"Sarki, don azumin na zo. Da ba shi ba da ban zo ba, domin ba ni da abin da zan ɗora a wuta, kuma yau na faɗa da bakina. Yanzu kuwa bakin kowa a rufe yake. Ku ba ni daga asuba zuwa hantsi, kafin rana ta yi zafi. Tuwonku yana nan, sai kaka."

Wai Sarkin Noma ya yi dariya ya ce tun da ya gaji sarautar nan ba a taɓa ɗaure shi da igiya irin wannan ba. Washegari da aka sallame sallar asuba ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci. Aka tafi ba kiɗa saboda alfarmar wata, aka yi abin da aka yi, washegari aka koma aka ƙarasa. Malam Lawan yana cikinsu da tsumma a ɗaure a hannu, ana ta tsokanarsa ya koya musu karatun kwaɗi.

Daɗi ya kama ni, kunya ma ta kama ni. Matar da ta hana 'ya'yanta zama a maƙwabta ita ce ta je ta buɗe asirin tukunyarta a gaban dakali, saboda ni. Na je gaishe ta ina neman abin faɗa, ta tambaye ni hanya, ta ce Hajara ta ba ni ruwan wanka. Ba ta tambayi jarrabawa ba.

Aka yi Salla, gero ya nuna, muka fara gasa tumu, yunwa ta saki gari. Ni kuwa ba ta sake ni ba, don sakamako bai fito ba. Da can faɗuwata tawa ce ni kaɗai. Yanzu duk wanda ya sa fartanya a gonar nan yana da rabo a takardata. In na wuce majalisa sai an ce, Malam, ya labarin Kano? Aka koma makaranta, duk ran da hedimasta ya hau keke ya nufi Karaye ba na iya cin abinci sai ya dawo. Aka yanke dawa, ta yi kyau fiye da ta bara, muka ɗaure dammuna muka kai rumbu. Sarkin Noma ya fara aiko da wasa wai har yanzu hannunsa a wanke yake. Inna ta ce a gaya masa ya ƙara haƙuri. Na san abin da take jira, kuma sanin ya fi komai nauyi a kaina.

Wata Alhamis hedimasta ya dawo, ya jingine keke, ya kira mu ofis mu da muka zauna. Ya dube ni ya ce na tsallake. Wani abokin aikinmu bai samu ba, kuma ƙarshen wata ya kwashe kayansa, abin da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ni kuwa daga wannan rana na riƙe alli har na yi ritaya, kuma Turancin da ya kayar da ni sau biyu shi na koyar.

Na iske Inna tana tsince wake a faifai na gaya mata. Ba ta ɗago ba. Ta kira Hajara ta ce a surfa sabuwar dawa, a kama zakaran nan, a aika wa Sarkin Noma cewa tuwonsu gobe ne bayan Juma'a. Aka yi tuwo tukunya-tukunya da miyar kuɓewa ɗanya, aka dama fura. Mutane suka cika zaure har waje, gayyar da ba a zo da fartanya ba. Malam Lawan ya ci har ya kwance maɓallin wuya, ya ce mini yau ladan kunyoyin da na noma masa ya fito.

Da aka watse, ana kwashe akusa, Inna ta kira ni ƙofar ɗakinta. Kwanonta yana gefe a rufe, ba ta taɓa ba.

"Yanzu ba za su kore ka ba?"

"Ba za su kore ni ba, Inna."

Ta ce to. Ta jawo kwanon ta buɗe, ta ci tuwon nan har ta suɗe hannu, sannan ta ce wa Hajara a ƙaro mata miya.